Na Kashe Muryar Inna da Hayaƙi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canja su, ni ku kira ni Saudatu, don unguwarmu in ka yi atishawa a wannan lungu daga wancan lungun za a ce maka yarhamukallah. Daga Gadarif nake rubutowa, nan Sudan, in kun ga Larabci ya faɗo cikin Hausata ku yi min malesh, haka muka tashi muka tarar. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, zagi dai ba baƙona ba ne, da shi na girma.

Shekarata talatin da takwas, aurena ya mutu shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ɗa ba jika, na tattaro na dawo gidan ubana. Sana'ata gyaran amare, dilka da halawa da duhan. Mutanen Najeriya kun san shi da turaren tsuguno, namu dai rami ake haƙawa a ƙasa, a zuba garwashi da icen talha, mace ta zauna a kai a lulluɓe ta da shamla, wani bargo ne mai kauri, hayaƙi ya yi ta shigarta har fatarta ta yi santsi ta ɗauki rawaya. Wannan aiki na iya shi, ba yabon kai ba, har daga garin Fau ana ɗauko min amare. Na san hayaƙin da mace za ta iya ɗauka, na kuma san wanda zai sumar da ita.

Mu uku Inna ta haifa, Yaya Usman, sai ni, sai ƙanwata Amna. Ina shekara tara Amna tana huɗu, lokacin muna zaune a ƙauye Baba yana wakilin wata gonar riɗi, aka aike ni ɗiban ruwa a hafir, wato babban kududdufin da ake haƙawa don tara ruwan damina. Amna ta biyo ni, na kore ta ta ƙi komawa. Na duƙa ina cika jarka, ko da na ɗago ba ta. Wallahi ko motsin ruwa ban ji ba. Takalminta ɗaya aka fara gani. Ranar da aka kai ta, Inna ta dube ni gaban matan da suka zo gaisuwa ta ce, "Ina ma ke hafir ya ci." Na ɗauka zafin rashi ne zai wuce, ashe abin karin kumallona aka yanka min. Shekara ashirin da takwas tana faɗa min wannan magana, in na fasa kofi ita ce, in miya ta yi gishiri ita ce, ranar da aka sake ni na shigo da akwatina ma da ita ta yi min sannu da zuwa. Tun daga ranar Amna ba ta ƙara taɓa kaina ba, kitso ma maƙwabta ke yi min. Baba kuwa bai taɓa ce mata bari ba, iyakarsa ya gyara rawani ya ce lokacin masallaci ya yi.

Yaya Usman direba ne a Jidda. Shekara shida da suka wuce ya zo hutu ta jirgin ruwa, ya sauka daga raksha, wato a-daidaita-sahu, da wani ƙaton keji an rufe shi da zane. Aku ne a ciki, amma ba irin mai toka-toka da jan wutsiya da kuka sani ba, wannan fari ne fat, da tukku mai rawaya a ka, in ransa ya ɓaci sai ya miƙar da shi tsaye, kokatu ake ce masa. Matar maigidan Yaya ce ta gaji da ihunsa ta ce a fitar mata da shi daga gida, shi kuma ɗan albarka ya kwaso wa uwarsa. Kwana uku gidanmu kamar gidan biki, har daga wasu unguwanni ana zuwa kallon tsuntsun Saudiyya. Inna ta sa masa suna Sukkar.

Tare da kejin akwai wata takarda shafi biyu da Larabci, daga shagon masu sayar da tsuntsaye, ta yadda ake kula da shi. Inna ba ta yi makaranta ba, don haka ni ce mai karanta mata, yau ta ce karanta, gobe ta ce sake karantawa kada in zama na ɓoye wani abu, har na haddace ta kamar Fatiha. Takardar ta ce kada a ba shi gishiri, kada ya sha jabana, wato gahawa, ko shayi, a riƙa fesa masa ruwa lokacin zafi, a ba shi icen da zai riƙa ɓarzawa in ba haka ba zai cinye kayan ɗaki. Ta ce mutum ɗaya yake zaɓa ya maƙale masa, in an bar shi shi kaɗai ba mai yi masa magana zai fara fige gashinsa da kansa. Ta ce in ya sunkuyar da kai gabanka susa yake roƙo. Ta ce yana daɗewa a duniya, yakan binne mai shi. Can ƙasa kuma an ja layi biyu da jan biro an rubuta cewa hayaƙi guba ne gare shi, turaren wuta, taba, duk wani abu mai hayaƙi, wai huhunsa ba irin namu ba ne.

To ranar da na karanta wannan layin Inna ta kafa doka, ba turaren wuta a gidan, a gidan da ni da hayaƙi nake ci. Ramina da ke gefen rakuba, wato rumfar tsakar gida, wuri mai tsabta da iska, ta sa aka cike shi da ƙasa, aka mayar da ni wani ɗan akurkin ɗaki can bayan gida jikin garken awaki. Amarya ta zo a gyara ta ta yi ƙamshi, tana zaune tana shaƙar fitsarin bunsuru. Da na yi magana Inna ta ce in ban ji daɗi ba ƙofa a buɗe take, in koma gidan mijin da ya kore ni. Na kwashe kayana na koma can, ina zan je.

Ku zo ku ga gata. Gadarif da ruwa sai an saya a amalanken jaki, Inna za ta cika kwalba ta yi ta fesa wa Sukkar da rana yana buɗe fiffike yana rawa. Gwaiba, mangwaro, gyaɗar da aka ɓare ɗaya bayan ɗaya aka duba ko ta yi funfuna. Ya cinye igiyar gado biyu, ya ɓarza ƙofar kabad, farar hodar jikinsa ta bi ko'ina ni ke sharewa, in gari ya waye ya kwarara ihun da sai maƙwabta sun leƙo, duk Inna dariya take yi tana cewa ɗana ya tashi. Da yamma ta ɗora shi a cinya ta sa yatsa ƙarƙashin tukkun tana sosa masa yana lumshe ido, ni ina gefe ina wanke-wanke ina kallon hannun. Ba zan ɓoye muku ba, kishin tsuntsu na yi, ni da girmana. Shi ma shegen ya san matsayina a gidan, sau ɗaya na kai hannu zan canja masa ruwa ya kama babban yatsana sai da ya taɓa ƙashi, tabon na nan. Inna ta ce ai dabba ta san mai baƙin ciki.

An ce kokatu bai kai aku mai toka iya magana ba, kuma gaskiya ne, Sukkar magana uku kawai ya iya duk zamansa. Amma ukun nan da muryar Inna yake yinsu sak, har da ɗan karkarwar da take yi a ƙarshe. Ta farko, "Usmanu ya waladi," wato Usmanu ɗana, in waya ta yi ƙara. Ta biyu, "Alhaji bismillah, ga fatur," fatur shi ne abincin hantsi da muke ci wajen ƙarfe goma. Ta uku kun riga kun san ta. Don kullum haka abin yake tafiya, in fito daga kicin da tire, Inna ta kira Baba, sannan ta ɗago ta gan ni ta tuna. Tsuntsu ya haɗa su biyun ya haddace, da ya ga tire sai ya kira Alhaji, da ya ga fuskar mai tiren sai ya ce ina ma ke hafir ya ci.

Bara Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Wata bakwai ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke kwashe abin da ba a faɗa, Yaya Usman yana can yana aiko da addu'a a waya. Harshenta ya karye ba ta iya cewa komai, na ce a raina to alhamdulillahi ko ba komai kunnena ya huta. Ina! Ta riga ta naɗa wakili. Sai in shigo da kunun da na dama mata, Sukkar ya faɗa daga kan keji, ita kuma ta juyo da idonta guda mai motsi ta kafe ni da shi, rabin bakinta ya ɗan ɗaga. Ranar da za ta cika ina riƙe da kanta, na duƙa na ce Inna ki yafe min, ta zare hannunta mai lafiya daga nawa ta nuna keji. Wasiyyarta ke nan.

Bayan rasuwarta gida ya rage ni da Baba da Sukkar. Baba ya tsufa, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ga ciwon sukari, kullum yana kan gadonsa na igiya a ƙarƙashin rakuba da carbi. Ya tsiro da wata ɗabi'a, in dai yana gida ba ya sa hannu a abinci sai ya ji muryar. In fito da tire, tsuntsu ya ce Alhaji bismillah, Baba ya gyara zama, tsuntsu ya ƙarasa da tawa, Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Allah ya jiƙanki Hajiya, ko a kabari ba ki canja ba," sannan ya ci. Kullum ta Allah. Sau biyu ina roƙonsa a ba da tsuntsun, akwai wani mai shago a kasuwa da ya daɗe yana so. Ya ce ranar da kejin nan ya fita daga gidan to in haɗa da makararsa, wai ban ji kunya ba mace kamar ni tana gaba da tsuntsu, kuma maganar da nake jin zafinta ai ba ƙarya aka yi min ba, da na riƙe hannun yarinyar da yanzu tana da 'ya'ya. Na kai ƙara wajen Yaya Usman, ya ce dama Inna ta sha faɗa masa zuciyata baƙa ce, abu ɗaya da ya rage musu na uwarsu shi nake so in salwantar. Uwarsu, ya ce. Kamar ni daga rami aka tono ni.

Wata uku da suka wuce Yaya ya zo hutu ya ɗauki Baba zuwa garin Madani a yi masa aikin ido. Aka ce sai sukarinsa ya sauka tukuna, tafiyar kwana biyar ta zama ta sha tara. Safiyar farko da suka tafi na fito da ɗan kwanon gyaɗa zan ba Sukkar, gidan tsit, ba Inna ba Baba ba mai dariya, ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya ya faɗa min. Ni da shi kaɗai. Na ajiye kwanon a hankali, na shiga ɗakin Inna na buɗe akwatin ƙarfenta na ɗauko takardar nan. Na zauna a bakin ƙofa na karanta ta daga sama har ƙasa, ba don na manta ba, so nake in tabbata ban tsallake komai ba. Duk abin da ta ce a yi na daina, duk abin da ta ce kada a yi na fara.

Na daina fesa masa ruwa. Na daina yi masa magana ko da tsawa ce. Na cire icen da yake ɓarza, na rufe kejin da buhu dare da rana, ya yi ta ihu a ciki har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, na ce mata kewar Alhaji yake yi. Abinci dai ina ba shi, don ba mutuwarsa nake so ba, in ya mutu da me zan kare kaina. Muryar nake so ta mutu. Kwana na uku ina da amarya, na ɗauki kejin na kai shi akurkin ɗakin da aka kore ni saboda shi, na rataye a ƙusa can sama inda hayaƙi ke taruwa. Amaryar ta leƙo daga cikin shamla ta ce anti wannan fa, na ce ƙwarkwata ta kama shi ana yi masa magani. Ta yi dariya ta ce shi ma angonsa zai ji daɗi. Muka yi dariya tare.

Kullum haka, amarya a ƙasa shi a sama, in na ga ya fara buɗe baki yana haki sai in fitar da shi ya sha iska, gobe a koma. Ai na ce muku na san gwargwado. Farin nan da Inna ke alfahari da shi ya koma ruwan ɗorawa kamar tsohon haƙori. Ya fara fige ƙirjinsa, kullum in share gashi a ƙasan keji in zuba a murhu. Kada ku ce ban san abin da nake yi ba ko shaiɗan ne, ni ce, da hankalina, kuma daɗi nake ji, rabon da in ci abinci ya zauna min kamar na kwanakin nan har na manta. Amma taurin kai irin na mai shi, kwana tara yana shan talha, na buɗe buhu da safe, ya yi tari ya yi tari, sannan da wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya ya ce ina ma ke. Bai iya ƙarasawa ba amma na ji.

Ran nan ba ni da amarya. Na hura ramin don shi kaɗai, na zuba talha har da ɗanye, na sauke kejin na ajiye a bakin ramin, na ɗauko shamla na lulluɓe shi ruf yadda nake yi wa amare. Na tsaya ina jin fiffikensa yana dukan ƙarfe, ina cewa faɗa mana, Hajiya faɗa mana, yau ga ni ga ki. Sai na ji tim, ya faɗo daga kan sandarsa. Na yaye bargon, yana kwance a gefe ƙafafu a dunƙule, na fito da shi da gudu na yi ta yayyafa masa ruwa ina salati. Ya farfaɗo. Amma daga ranar ko ƙit, ba magana ba ihu, in ya buɗe baki iska ce kawai ke fita da wani ɗan sauti kamar an taka busasshen ganye.

Yaya Usman bai dawo Gadarif ba, hutunsa ya ƙare, daga Madani ya wuce ya kama jirginsa, ya haɗo Baba da wani ɗan unguwarmu a bas. Aikin bai yi ba, likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu. Allah ya yafe min, da na ji haka hamdala na yi a zuciyata, don in Baba ya ga abin da ke cikin kejin nan kashina ya bushe. Washegari ƙarfe goma na fito da tire, shiru. Baba ya karkata kunne ya jira, ya ce Sukkar fa, na ce mura ta kama shi saboda canjin iska. Ya ce to a mayar da abincin sai ya warke. Na ɗauka wasa ne. Kwana uku mutumin nan ba abin da ya shiga cikinsa sai shayi, ga maganin sukari yana sha, ya tashi zai yi alwala ya tafi luu sai da na tare shi. Na yi roƙo, na yi kuka, na tuƙa masa asida, tuwonmu na nan, da miyar kuɓewa busasshiya da ya fi so, ya ce shi ba yaro ba ne, shekara hamsin bai taɓa cin fatur ba Hajiya ba ta kira shi ba.

Tun ina budurwa ake cewa muryata da ta Inna ba a bambancewa, 'yan uwa in sun kira waya na ɗauka sai su yi ta gaishe ni da Hajiya. Na tsani wannan kamar me. Rana ta huɗu na ajiye tiren a gabansa, na taka a hankali ba takalmi na koma bayan kejin na tsuguna, na ɗan matse maƙogwaro na ce, "Alhaji bismillah, ga fatur." Jama'a, da kun ga fuskar tsohon nan. Ya washe baki, ya gyara zama, ya miƙa hannu wajen kwano, na ce alhamdulillahi an wuce wurin. Sai hannun ya tsaya a sama. Ya jira, ya jira, can ya ce, "Ba ka ƙarasa ba, Sukkar."

Na ƙarasa. Da bakina, da muryar uwata, na ce ina ma ke hafir ya ci. Ya yi 'yar dariyarsa ya ce Allah ya jiƙanki Hajiya, ya cinye asidar tas har da suɗe kwano.

Yau wata biyu ke nan kullum ni ke yi. In dafa, in kawo, in zagaya bayan keji in tsuguna in zagi kaina, ya yi dariya ya ci, in kwashe kwanuka. Na kashe muryar don kada in ƙara jin maganar sau ɗaya a rana, yanzu a cikin bakina take kwana. Wani abin da ya fi ci min rai kuma shi ne Sukkar. Takardar ba ta yi ƙarya ba, mutum ɗaya yake zaɓa, kuma da ya rasa kowa sai ya zaɓi mai kawo masa gyaɗa. Ina tsugune a bayan kejin sai in ji ya matso jikin ƙarfe, ƙirji tsirara ja kamar kazar da aka fige, ya sunkuyar min da kai. Ranar farko na yi kamar ban gani ba. Yanzu ina sosa masa, yana lumshe ido yana wannan numfashi mai ƙara, yatsan da ya ciza da shi nake yi. Na koma bin takardar layi-layi, ruwa, gwaiba, ice, na rufe ramin duhan na ce wa amare ba ni da lafiya, amma gashin bai fito ba, muryar ma haka. Na kai shi wajen wani likitan dabbobi a ɓoye, ya ce shi shanu da tumaki ya sani, amma ko makaho ya ji wannan numfashin ya san huhu ya taɓu, ya tambaye ni ko gobara aka yi a gidan. Na ce eh.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya faru shekaranjiya. An yi ruwan farko da safe, ƙasar nan tamu baƙa ta jiƙe ta fara wannan warin laka, warin bakin hafir sak, tun da na tashi Amna nake gani da ɗan takalminta. Na kai tire, na zagaya, na ce Alhaji bismillah ga fatur, da na zo ta biyun sai na faɗe ta can ƙasa-ƙasa da ƙyar. Baba bai juyo ba, bai canja fuska ba, hannunsa na kan carbi ya ce, "Ɗaga murya, Saudatu. Uwarki ba ta taɓa faɗinta a hankali ba."

Ashe ya sani. Daga baya na tuna tun ranar da ya dawo na gan shi ya lallaba ya sa yatsu cikin kejin, ya shafa ƙirjin tsuntsun, ya kai yatsun hancinsa ya daɗe yana shinshinawa, mutumin da ya yi shekara hamsin da mace 'yar Sudan ai ba a koya masa warin talha. Tun ranar ya sani, kwana ukun da ya yi ba ci ma ya san abin da yake jira. Ya bar ni wata biyu ina rarrafe ba takalmi ina matse murya, yana dariya yana cewa Sukkar. Kuma kun san me na yi? Na ɗaga muryar. Na faɗa da ƙarfi yadda take faɗa, har da karkarwar ƙarshen. Ya ce Allah ya jiƙanki Hajiya, ya ci abincinsa. Jiya ma haka, yau ma haka, daga ni har shi ba wanda ya ƙara ta da zancen, da yamma ma har ya ce Allah ya yi min albarka da na kawo masa ruwan alwala.

Na san na zalunci tsuntsun nan, bai san me yake faɗa ba, abin da ya ji ya maimaita, kuma na san Allah zai tambaye ni, wannan ba sai kun tuna min ba. In akwai wanda ya san kiwon irinsa a cikinku, don Allah muryar tana dawowa bayan hayaƙi, ko akwai abin da zan ba shi ko numfashin ya sassauta? Wallahi ni kaina ban san ko ina so ta dawo ba, amma in ta dawo ko ba komai ba ni zan riƙa faɗa ba. Yaya Usman yana zuwa da Babbar Sallah, kullum sai ya ce in nuna masa Sukkar a waya ina cewa intanet ba kyau, in gaya masa da bakina ko in bari ya gani da idonsa? Wata ƙawata da ke aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Umm Rakuba ta ce in zo akwai aikin girki da wurin kwana, amma in na tafi wa zai dafa wa makaho mai sukari, wa zai sosa wa wancan kai?

Babbar tambayata dai ita ce ta Baba. In na yi shiru ba zai ci ba, na gwada shi na gani, zai iya kashe kansa da yunwa a kan idona, a ce na ci Amna na ci tsuntsu na ci ubana. In na ci gaba kuma, ban san ranar da zan wayi gari in ga na yarda da maganar ba, don ko jiya ina wanke tiren na ji bakina yana faɗinta ba wanda ya sa ni. Malamai da iyaye mata na wannan zaure, biyayyar iyaye ta kai nan? Gobe ƙarfe goma zan sake fitowa da tire, zai miƙa hannu ya tsayar da shi a sama. In faɗa ko in yi shiru?